Bahaguwa a Zurfin Gaba Tara

Yau kwana huɗu ke nan hannuna bai daina rawa ba. In na ɗauki kofi sai ruwan ya zube mini a zane. Inna ta ce in riƙa addu'a, ina kuwa yi, amma ba tsoro kaɗai ke kaɗa ni ba, har da fushi, kuma fushin ya fi yawa. Mutanen garinmu sun gama yanke cewa ni ce mai laifi saboda na yanka igiyar rijiya. E, na yanka. Gunduwa bakwai na yi mata da wuƙar yankan kuɓewa, kuma in aka mayar da ni wannan safiyar zan sake. Tun da ba wanda ya tsaya ya ji dalilina har ƙarshe, bari in rubuta shi.

Bazarar bana ce ta dawo mini da waccan. Zafin iri ɗaya ne. Tun hantsi kwanon ɗaki zai fara ƙas-ƙas, kaji su buɗe baki su kwanta ƙarƙashin rumbu, iska in ta taso kamar daga bakin murhu ta fito. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, kowa ya fito da roba da tukunya ya jera a tsakar gida, sai ya watse ya bar mu da gumi.

A waccan bazarar shekarata tara. Mu asalinmu mutanen ƙasar Anka ne. Shekarar da gubar dalma ta shiga gidaje, lokacin da ake daka dutsen zinari a tsakar gidan da yara ke rarrafe, ƙanwata Nana ta fara sanƙarewa, kwana uku ta rasu a bayan Inna. Da aka yi sadakar arba'in Baba ya ce ba zai ƙara zama a ƙasar da ke cin yara ba. Muka bar gero a gona bai nuna ba, muka hau motar kasuwar Bukkuyum da tabarmi da tukwane da kayan aikinsa, muka zo nan, wani ƙauye a ƙasar Gummi, wurin Kawu Ɗanjuma, yayan Inna, wanda shi ne mai unguwa har yau. Yayana Haruna bai biyo mu ba. Shekararsa goma sha takwas a lokacin, ya ce shi a ramin zinari zai zauna.

Mun zo ba dami ko ɗaya. Kawu ya ba mu ɗaki guda, yana auno mana hatsi daga rumbunsa, kuma duk awo sai ya tsaya ya kalli kwanon kafin ya sake shi. Da kaka abin bai yi zafi ba. Da rani ya yi nisa tuwo ya koma sau ɗaya, daga baya aka fara haɗa garin da dusa. Da rana busasshiyar tafasa ce da ɗan ƙuli a kai, in babu ƙulin a ci da gishiri. Na san ɗanɗanon ƙwallon goruba da aka riga aka gwaguye, domin na sha tsintarsa in sake gwaguya.

Yunwa tana da sauƙi a kan ƙishirwa. Rijiyar garin ta ƙafe tun kafin zafi ya kankama. Ana idar da sallar asuba za mu kama hanyar gulbi, ni da Inna da sauran mata, tafiyar da sai rana ta ɗaga ake isa. Gulbin ma yashi ne zalla. Sai a tona rami da ƙoƙo har zuwa kafaɗa, a zauna a jira ruwa ya tsattsafo, a kwarfa kaɗan-kaɗan. Mu dawo ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Dugadugaina sun tsage har suna jini, Inna tana narka man kaɗe tana ɗiga mini ina ihu. A gida kuma ruwan nan sai an raba shi kamar nama. Na sha a randa, a rufe da faifai a ɗora dutse. Na tuwo daban. Na alwalar Baba buta ɗaya, ita zai yi ta lallaɓawa har isha'i. Ƙasarin da aka wanke hatsi ba a zubarwa, a wanke kwanuka da shi, sannan awaki su sha.

Baba maginin rijiya ne, gado ya yi. Manyan gari suka ce ya gina musu sabuwa, in ta ba da ruwa za a yanka mana gona. Ya karɓa, don ba shi da bakin ƙi.

Baba kuwa yana da wata al'ada da ya gada wurin mahaifinsa. Ba ya ƙara zurfi sai ya ga abin da yake kira 'yan dutse. Katantanwa ce irin ta dodon koɗi, amma ƙanana ƙwarai, wata kamar ƙwayar dawa, babbar cikinsu ba ta wuce wake ba, kuma duk sun koma dutse. A ƙasar nan in ka wuce jar ƙasa da marmara za ka fara samunsu cikin abin da guga ke fitarwa. Baba ya ce tun kafin a yi mutane ruwa ne ya rufe wurin nan, wani mai gudu, wani kwantacce, kowane ruwa da irin dodon koɗinsa, kowane kuma da irin ƙasar da ya bari. Wanda ya san katantanwar ya san ƙasar da yake tsaye a cikinta.

Idanunsa sun riga sun fara yana, ƙananan abubuwa sun daina fito masa. Shi ya sa aikin ya dawo kaina. Kullum da la'asar in ya fito daga rami zai ɗebo ƙasar ƙarshe a ƙwarya, in zuba a rariya, in wanke da ƙasarin nan kafin awaki su samu, in baza a faifai. Da ƙayar aduwa nake sakace bakin kowace, da gashin kaza nake share ta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Balkisu, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, tsini sama, baki shina kallonki," haka yake cewa kullum. "In kinka riƙe ta kai ƙasa, ƙarya za ta yi maki."

Abu huɗu ake dubawa, kuma a jere. Siffarta tukuna. Sannan a ƙirga murɗarta daga tsini zuwa baki. Sannan a bi bayanta da farce, a ji ko tana da tsaga ko sumul take. Na ƙarshe a ga ɓangaren da bakinta ya buɗe.

Akwai tulu, mai ƙaton ciki da faffaɗan baki, murɗa uku. Ita a yashi take, in ta fito ruwa ya kusa, kuma mai daɗi ne. Akwai gammo, wadda ba ta da tsini sam, a naɗe take a kwance kamar gammon ɗaukar kaya. Tana zama a jan yumɓu mai taushi, ba ta da mugunta in bai yi kauri ba. Akwai doguwa, siririya, murɗa bakwai, da tsaga daga sama har ƙasa, bakinta a dama. Ita ce abokiyar magini, domin dutsen da take ciki mai ruwan toka ne, yana riƙe kansa, ba ya bukatar a ɗaure bango.

Sai bahaguwa. In ka kalle ta da gaggawa ka ce doguwa ce. Amma murɗarta biyar, bayanta sumul, bakinta a hagu. Baba ya ce a mataccen ruwa ta rayu, inda lallausar laka ke kwanciya. Wannan lakar launinta ɗaya da dutsen doguwa, in ta bushe ma diga na tsalle a kanta. Sai ta sha iska, ta sha laima daga ƙasa, ta kwana, sannan ta kumbura ta ɓanɓaro falle-falle, kowane falle ya fi jaki nauyi. In bahaguwa ta fito ko guda ɗaya ce, aiki ya tsaya. Sai an saro itacen kirya an ɗaure bangon kaf, aikin kwana goma.

Mata na wucewa suna dariya. A can Anka mutane na wanke ƙasa su sami zinari, wai mu mun zo muna wanke ƙasa muna tsintar tsakuwa.

Ranar da rami ya kai gaba tara, Baba ya fito gwiwoyinsa da danshi. Labari ya zaga gari kafin ya gama kakkaɓe jikinsa. Maza suka taru, Kawu a gaba. Ni ina durƙushe gefe da faifaina. Dogaye ne birjik, na jera su goma sha wani abu. Sai na ɗauko wata, na bi bayanta da farce, farcen ya zarce bai tsaya ko'ina ba. Na juya ta tsini sama. Bakin yana hagu.

"Isa, laima ta hito, kowa ya gani," Kawu ya ce wa Baba. "Gobe ka huda muna ruwa."

"Mai unguwa, bari ɗiyag ga ta ƙare dubawa," in ji Baba.

"Ɗiya! Gari guda shina jiran ɗiya mai majina ta ba shi izinin shan ruwa? Wata nawa kuna cin rumbuna? Hatsi nib ba ku, ba tsakuwa ba."

Aka yi dariya. Baba bai ɗaga kai ba. Ya juyo wajena.

"Uwata, akwai bahaguwa?"

Tana ƙarƙashin babban yatsana. Na tuna kwana goma. Kwana goma na hanyar gulbi, da man kaɗe a tsagar ƙafa, da Kawu yana kallon kwanon awo. Maƙogwarona a bushe, idanun manya duk a kaina. Na ce a raina guda ɗaya ce tak, wataƙila daga sama ta faɗo.

"Babu, Baba."

Na ƙulle ta a bakin zanena.

Washegari da hantsi ya shiga. Ban je gulbi ba ranar, an ce mu zauna, ruwa zai fito a gida. Mata har sun jera tuluna. Ƙarar ba ta da ƙarfi, wannan ne abin da ba na mantawa. Kamar an sauke buhun dawa daga kan jaki, dum, shi ke nan. Igiya ta yi sako-sako. Wata iska mai sanyi ta taso daga ramin da warin laka, wari kamar na ƙasan tsohuwar randa.

Lakar ta binne shi har ƙirji. Sai bayan la'asar aka fito da shi, ƙugunsa a farfashe. A amalanken shanu aka kai shi wurin mai ɗori. Ya rayu, amma bai ƙara tsayawa da ƙafafunsa ba.

Kwana tara bayan nan ruwa ya sauka. Kwana tara! Da tsakar rana ya zo da iska da ƙanƙara, indararo na zuba kamar an ɓalle gulbi, yara tsirara suna tsalle, ƙamshin ƙasa ya cika gari, kowace tukunya ta cika ta tumbatsa. Ramin Baba ya cika da taɓo. Ni ina tsaye a ƙofar ɗaki ina jin nishinsa a bayana, na kasa ko miƙa hannu in taɓa ruwan. Da an jira, da ko itacen ba a gama sarowa ba sama ta shayar da kowa.

Sai tsakiyar damina na iya kwance bakin zanen. Inna ta tafi gonar da aka ba mu daga baya, wai don tausayi. Na sa wa Baba bahaguwar a tafin hannu. Ya bi ta da farce.

"Sumul," ya ce. "Murɗa nawa?"

"Biyar."

"Baki?"

"Hagu."

"Ta yaushe ta?"

Na faɗa masa. Ina jiran ya kore ni, ko ya kira Inna. Ya daɗe yana juya ta.

"Idonki bai yi kure ba," ya ce. "Ni ma na ji warinta tun ina ƙasa, Uwata. Na tambaye ki don ina son in ji an ce babu. Ke ɗiya ta, ni babba. Amma ran da kinka sake ganinta, ko wa at tsaye, ki hwaɗi."

Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba, ko sauke mini kaya ya yi. In gaskiya ce ina fushi da shi. In ba gaskiya ba ce ina fushi da kaina. Kawu kuwa ko ta wace hanya ina fushi da shi, domin bai taɓa cewa komai ba sai "ƙaddara", ya shafa gemu.

Shekara huɗu Baba ya yi a tabarma. Yana da gwangwanin madara cike da 'yan dutsen rijiyoyin da ya gina, ya juye mini a faifai in ware, ya cakuɗa in sake. Ya rasu shekarar da na shiga sakandare a Gummi. Da malaminmu ya zo darasin duwatsu ya ce yankin nan ya taɓa zama ƙarƙashin ruwa, na kai masa gwangwanin. Ya duba, ya ce abin sha'awa ne, amma ba ya fitowa a jarrabawa.

To, bana famfon da aka yi wa garin daga baya ya lalace, masu gyara sun ƙi zuwa. Hanyar gulbi kuma ba ta biyuwa yanzu saboda mutanen daji masu bindiga, mata sun daina zuwa sai da rakiya, wata rana ma rakiyar ba ta samuwa. A waccan shekarar ƙafa kawai hanyar ke ci. Sai maganar rijiya ta taso, kuma ga magini a gida. Yaya Haruna ya dawo daga ramukan zinari shekara biyu da suka wuce, da matarsa da 'ya'ya uku, da sunan cewa ba ramin da yake tsoro. Kawu ya ba shi aikin, can yamma da gari kusa da kuka.

Yaya ya iya haƙa, ban hana shi ba. Amma a dutsen Anka ya koya, inda ake bin jijiyar zinari da sauri kafin wani ya riga ka. Bai taɓa zama gaban faifan Baba ba ko sau ɗaya.

Ba wanda ya sa ni. Kullum in sun tashi da la'asar sai in je tsibin ƙasar da rariyata. Gaba biyar, gammo. Gaba bakwai da takwas, dogaye, har na fara samun barci. Ranar da suka kai tara, tun kafin in durƙusa warin ya buge ni. Hannu ɗaya na ɗiba na wanke. Guda uku. Murɗa biyar, sumul, baki a hagu.

Na ɗauke su hoto a waya, na ƙara girman hoton yadda ko mai yana zai gani, na nufi gindin kukar inda maza ke zaune. Ban taɓa tsayawa gaban taron maza na yi magana ba.

"Yaya, don Allah kak ka shiga gobe. Bahaguwa ta hito. Sai an ɗaure bango."

"Mi ta hito?"

Na miƙa masa wayar. Ya kalla, ya miƙa wa na kusa da shi, tana zagayawa ana murmushi.

"Balki, na shiga rami gaba talatin ba itace ba komi," ya ce. "Wanga dutse na. Diga wuta taka yi a kainai."

"Ba dutse na ba, Yaya, laka ta. Ta sha iska yau, za ta kwana da laima. Irinta ta karya Baba."

"Gadon tsakuwa ya motsa," in ji Kawu.

Wani daga baya ya ce, "An ƙare sakandare an koma duba. Balki, duba mani ko zan samu mata bana!"

Dariya ta tashi. Wallahi dariyar nan ita ce ta waccan shekarar, wasu bakunan ma su ne, haƙora kawai suka ragu. Na juya wajen Kawu.

"Kawu, kai kat tsaya kan Baba hak ya shiga. Yanzu ɗansa kaka so?"

Kawu bai kalle ni ba. Ya ce wa Yaya, "Kai ta gida. Ka ce ma uwatta ta koya mata magana."

A gida na faɗa wa Inna komai, har da abin da na ɓoye mata shekara goma sha biyar, maganar bakin zane. Tana tankaɗe, ba ta tsaya ba. Na ce ta je ta roƙi Kawu, ko ta hana Yaya, ai ɗanta ne.

"Na yi ma Haruna magana tun ɗazu," ta ce. "Ya ce ɗiyanai ƙishi suka ji. Shi kau Ɗanjuma yayana na, cikin gidanai muke. Mi kika so in yi?"

Da asuba na fito alwala na tarar da ita durƙushe tana wasa wuƙar kuɓewa a dutse. Ba mu da kuɓewa a gidan. Ta gwada kaifin a farcenta, ta ajiye wuƙar kusa da butata, ta shiga ɗaki ta ta da salla.

Maza suna masallaci na isa bakin ramin. Igiyar sabuwa ce, daga kasuwar Bukkuyum aka sayo ta, tana naɗe jikin gwafa. Da ɓoye ta na yi, da duka ɗaya zai sa in fito da ita. Na yanka. Ta yi tauri, tafin hannuna ya sale, na yi ta yanka har gunduwa bakwai, don na san ba mai sauka gaba tara a kan igiya mai ƙulli shida. Na zauna kusa da guntayen na jira.

Yaya ne ya fara isowa. Ya kalli igiyar, ya kalle ni, ya ɗauke ni da mari. Tun da aka haife ni bai taɓa ba. Kunnena ya yi ta ƙara, ban tashi ba. Mutane suka cika wurin, kowa da abin da yake faɗa, mahaukaciya, marar kunya, mai aljanu. Mata ma, waɗanda 'ya'yansu ke kuka da ƙishirwa, ban ga laifinsu ba, amma zaginsu ya fi zafi.

Aka tura mai babur rugar Fulani ya aro igiyar da suke shayar da shanu. Rugar ta yi nisa bana, sun matsa saboda tsaro. Sai dab da azahar ya dawo. Duk tsawon lokacin ina zaune a rana ina roƙon Allah abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba, wai rijiya ta rufta.

Ba ta rufta ba. Aka ɗaura igiyar. Yaya ya tuɓe riga, ya zauna a bakin ramin ƙafafunsa na reto a ciki, ya sa ƙafa ɗaya a zarge. Na tashi zan riƙe shi mata biyu suka danne ni. Ina ihu ina kiran sunansa, sunansa tsura, ba Yaya. Ya yi bisimilla. Masu riƙon igiya suka gyara tsayuwa.

Dum.

Ƙarar nan dai. Sai ta biyu, wadda ta fi ta farko, har ƙasa ta motsa a ƙarƙashina. Iska mai sanyi ta taso ta kaɗa masa wando. Wani ya fizgo shi ta kafaɗa suka faɗi tare. Da ƙurar ta lafa aka leƙa, aka zura gora. Diga da guga da ya bari jiya a ƙasa suna ƙarƙashin laka gaba uku.

Kowa ya ce Allah ya kiyaye. Haka ne, Shi ya kiyaye, ban yi musu ba. Amma ba wanda ya juyo ya kalle ni. Kafin magariba magana ta riga ta juya. Kawu ya ce da ban ɓata musu safiya ba, da an huda ruwa an fito kafin ta faɗi. Wani ya ce ai mace ba ta zama a bakin sabuwar rijiya, zamana ne ya ɓata ta. An aiko wa Inna cewa ranar Juma'a bayan masallaci in zo in durƙusa gaban manya in ba da haƙuri a kan igiya. Kuma an riga an sa alamar sabon rami, taku arba'in daga wancan, kamar lakar ta san iyaka.

Kwana uku Yaya bai shigo gidanmu ba. In na rufe ido ƙafafunsa nake gani suna reto.

Yau da hantsi ya yi sallama. Yana riƙe da ƙwarya cike da lakar nan. Ya gaida Inna, ya zo ya zauna a ƙasa gabana, ba tabarma. Ya kalli kumatuna da bai gama sacewa ba, ya kau da kai. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ce masa sannu ba.

"Gwada mani," ya ce.

Na ɗauko rariya na wanke, na baza a faifai, na tura masa ƙayar aduwa. Yatsunsa manya, duk kanta, sau uku tana kuɓuce masa. Da ya samu ya riƙe ta, ya ƙura mata ido.

"To ai wagga bakinta dama shike."

"Tsini sama!" Ban san na daka masa tsawa ba sai da Inna ta leƙo. "Kai ƙasa kar riƙe ta. Juya."

Ya juya. Ya ƙirga da bakin ƙayar, leɓensa na motsi kamar ɗan aji ɗaya. Ya bi bayanta da farce.

"Biyar," ya ce. "Sumul." Ya kalli bakinta. "Hagu."

Ya ajiye ta a faifai a hankali.

"Jibi muka hwara sabon," ya ce. "Ki riƙa tahowa da la'asar. Ban shiga sai kin duba."

"In Kawu ya tsaya kanka fa?"

Ya ɗauki ƙwaryarsa ya fita. Wannan shirun ne ya sa ban yarda da shi duka ba, domin na taɓa ganin namiji ya fi shi sanin ƙasa, an yi masa gorin hatsi ya sunkuyar da kai ya shiga.

Gobe ce Juma'ar. Ba zan durƙusa ba, su faɗi abin da za su faɗa. Jibi da la'asar zan je bakin sabon ramin da rariyata. Inna ba ta tambaye ni wuƙarta ba, ni ma ban mayar ba.